Shawarar da Rahila Ba Ta Gane Ba

Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko gida na koma, ban koma ba, asibiti na kwanta. Jikina ya warke amma raina bai huce ba, sai ku yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Maman Rahila. Ikilisiyarmu ta gida ce ta turo ni da maigidana aikin bishara nan Gaithersburg, a Amurka. Shi yana wa'azi, ni ina koya wa yara karanta Maganar Allah da Hausa bayan sujada. Ni da ban riƙe fensir ba sai ina da shekara talatin da huɗu, a ajin zumuntar mata.

Da yara ashirin da biyu na fara. Bana saura huɗu. Iyaye sun ce yara suna zuwa ƙwallo, sun ce Hausa ba ta ba da aiki a Amurka. Dattawan coci kuma sun daɗe suna son rufe ajin.

Da ƙaiƙayi ciwon ya fara. Sai suka a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, fitsari kamar shayi. Na duba madubi, idona ya koma ruwan ɗorawa. Na san wannan cuta, ita ta kashe yayata a ƙauye.

Maigida yana Najeriya wajen taro. Turancina na kasuwa ne, ba na asibiti ba. Sai na kira 'yata Rahila a jami'a. Shekararta ashirin, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa.

Na ce, "Kira mini asibiti. Ki ce cikina na ciwo, kuma shawara ce."

Can ta sake kira na. "Momi, sun ce ki sha ruwa da yawa, ki huta. Za su gan ki nan da sati uku."

Na yi mamaki, amma na ce ƙila haka ake yi a ƙasar nan.

Kwana shida bayan haka, ranar Lahadi, ina tsaye gaban allo sanyi ya kama ni har haƙorana suna haɗuwa. A gaban yaran nan huɗu na faɗi.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sa mini ƙarin ruwa hannu biyu. Likita ya ce tsakuwa ce daga maɗaciya ta toshe hanya, har ƙwayar cuta ta shiga jini. Ya ce da na ƙara kwana ɗaya, da wani labarin ake yi. Aka zura mini roba ta baki aka cire tsakuwar, daga baya aka cire maɗaciyar gaba ɗaya. Kwanana goma sha ɗaya. Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron barin Rahila a ƙasar mutane ba.

Rana ta uku wata mai kula da marasa lafiya ta zo canza mini zanen gado, Hajiya ce 'yar Kumasi. Ta ji ina addu'a da Hausa, ta leƙa idona.

"Kai, 'yar'uwa, shawara ta kama ki haka kika zauna a gida?"

Rahila, da ta zo jinyata, ta ɗago kai. "Shawara? Hajiya, shawara ciwo ne?"

"To me kika ɗauka, 'yata?"

Yarinyar nan ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Ashe ce musu ta yi cikin uwarta na ciwo, tana neman a ba ta shawara. Ita shawara ɗaya ta sani, ta baki. Ba wanda ya ambaci ido.

Ban yi fushi da ita ba. Da kaina na yi. Shekara goma sha shida ina bin 'ya'yan mutane da allo, tawa tana amsa mini da Turanci ina dariya, ina alfahari wai ta iya.

Washegari Dattijo Bitrus ya zo dubiya da lemo. Bai gama zama ba ya ce, "Mama, wannan alama ce. Ubangiji yana cewa ki huta. Mun riga mun zuba kujeru a ɗakin ajin."

Ina kwance da roba a hanci! Ko jira ba su yi ba su ga ko zan tashi.

Na ce, "Baba Dattijo, da kai Ubangiji ya yi maganar, ko da ni da ya aiko?"

Ya ce in kwantar da hankalina. Na ce ya ɗauki lemonsa.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan fitarsa na karaya. Na ce ƙila gaskiyarsa, tsohuwa da yara huɗu, me ake tsarewa? Sati biyu a gida ban buɗe littafi ba, addu'a ma da ƙyar. Na gaya wa Ubangiji, in ka gama da ni, ka faɗa mini da kanka, kada ka aiko Bitrus.

Ran nan Rahila ta shigo da littafin rubutu sabo, ta zauna a bakin gadona. Da Hausa ta yi magana, tana tuntuɓe. "Momi, koya mini. Duka. Har na ciwo."

A ranar muka fara, daga kai zuwa tafin ƙafa. Har yanzu hanta da hanci suna rikita ta.

Na gode wa Yesu da ya tashe ni. Na gode wa likitoci, da Hajiya da ban ma san sunanta ba, da matan zumunta da suka yi ta kawo kunu.

Ku ji ni. Idan idonku ya canza launi, kada ku jira, ku tafi sashen gaggawa a ranar. Ku ce a ba ku tafinta, asibitoci suna da su. Kada ku ɗora wa yaro nauyin da ba ku koya masa ɗauka ba. Ku koya wa 'ya'yanku sunan ciwo da harshenku, ba gaisuwa kaɗai ba.

Ɗakin kuma na bar wa dattawa, kujerunsu su sha karatu. Aji ya koma falona, Asabar ƙarfe huɗu. Yanzu mu shida ne, har da ni. Wanda zai kawo ɗansa ya kawo. Wanda ba zai kawo ba, kada ya sake ce mini in huta.