Man Ragon Malam Sabo

Daga Ƙofar Mazugal har Ƙofar Nasarawa babu wanda ya san kiwon rago kamar Malam Sabo, badukun unguwar Koki. Shi ne ya faɗi haka. Da yake mutum ne mai fara'a, kuma ɗinkin takalminsa ba ya warwarewa, ba wanda ya ga amfanin musa masa.

Iliminsa ɗaya ne, amma ya riƙe shi da kyau. A wurinsa, in aka dandaƙe rago tun yana ƙarami, hankalinsa zai bar tumaki ya koma kan komin abinci, duk abin da ya ci ya zama nama. Ya yi wannan bayani a rumfarsa, ya yi a wurin suna, ya taɓa yi a hanyar dawowa daga jana'iza. Wadda ta fi kowa saurare ita ce matarsa Hajo, domin ita ke kawo tuwo.

Gab da Babbar Sallar 1955 tunkiyar Hajo ta haifi tagwaye, duka maza. Ta ba mijinta ɗaya. Da suka ɗan tasa, ya kira maƙwabcinsu Sule mahauci ya dandaƙe nasa, sannan ya nuna ɗayan.

"Wannan nawa ne, Malam," in ji Hajo. "A bar shi yadda Allah ya yi shi."

Suka ƙulla sharaɗi a gaban Sule. In ragon Malam ya fi nama a Sallar baɗi, duk ɗan da tunkiyar ta ƙara haifa za a dandaƙe. In na Hajo ya fi, za ta riƙa cin tuwonta ba karatun rago.

Aka kafa turke biyu. Ƙwarya ɗaya ake auna musu dusa da kowar wake, harawa dami guda a raba biyu, kanwa daidai. Ma'aunin nauyi kuwa shi ne Malam Sabo da kansa. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya tuɓe riga ya fara da ragon Hajo, wanda ba ya yarda a ɗaga shi sai an yi kokawa. In ya gama da shi yana haki, sai ya rungumi nasa, da ƙyar ya raba ƙafafun ragon da ƙasa.

"Hajo, kin ga nauyi?"

"Ni ban ɗaga ba, Malam. Nishinka dai nake ji."

Haka suka shekara lafiya. Ragon Malam ya yi ɓul-ɓul, ya iya kwanciya a inuwa. Na Hajo ya yi tsawo, ya yi ƙaho, ya tsinke igiya ya fasa randa.

Ranar Sallah aka yanka su, Sule ya feɗe ya rataye. Na Malam fari fat da kitse, har ya fita ƙofar gida yana kiran masu wucewa su shigo su gani. Ba wanda aka gayyata ya duba cinyoyin na Hajo, sai Sule, shi ma ya duba ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Kashegari Hajo ta ɗora tukunya, ta ce girma na maigida ne, nasa za a fara soyawa. Malam Sabo ya jawo tabarma ya zauna kusa da murhu. Yana kallo ragonsa ya yi ta narkewa, tsoka tana tsukewa, mai yana hawa. Abin da aka tsame ya cika akushi guda da ɗan ƙari.

"Ai mai ma nama ne," in ji shi, "ruwa kawai ya zama."

Hajo ta ce haka ne. A cikin man ta soya nata, akushi biyu.