Buhunan Waken Baba Hamidu

Har yau ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da sakamakon lab, wato ɗakin gwaji, ya dawo kan kofin da Baba Hamidu ya noma. Lokacin ina shekara ta shida a wani ƙaramin kamfanin gasa kofi a Tottenham, cikin London, ni ce mai duba inganci. In kaya sun iso sitonmu na Barking, ni ke ɗibar sample, wato ɗan samfuri, daga buhuna, in ɗanɗana, in aika saura lab a duba ko akwai burbushin maganin feshi. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna zaton ɗanɗanon ne wahalar. Ba ku ga komai ba tukuna.

Kofi iri biyu muke saye. Akwai na gama-gari, wanda galibi ake sare itatuwa a shuka shi a fili cikin rana, a ɗura masa takin zamani da feshi. Yana yin albarka, amma ƙasa tana gajiya, ruwan sama kuma ya wanke maganin zuwa rafi. Sai kuma organic, wanda ba a sa masa ko ɗaya. Kafin manomi ya sami takardar shaidar organic sai ya yi shekara uku hannunsa bai taɓa magani ba, ana zuwa ana dubawa.

Baba Hamidu dattijo ne a tsaunin Mambila, manomin kofi tun yana saurayi. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a kamfanin, ni aka haɗa da shi, shekara ukun nan kaf a waya muka yi su tare. Shi ya hana 'ya'yansa biyu sare itatuwan da ke yi wa kofin inuwa. Su magidanta ne da nasu iyali, kullum suna ƙorafin amfanin gona ya ragu, shi kuwa yana ce musu su yi haƙuri takarda ta fito. Wata rana ya kira ni ina cikin bas zan koma gida Edmonton, yana cike da murna.

"'Yata, kwaɗi sun dawo rafinmu. Rabona da jin kukansu tun lokacin da ake wanke tankin feshi a wurin. Ƙudan zuma ma sun shiga amya biyu."

Takarda ta fito, kayansa na farko suka iso London. Na ɗanɗana, kofi ne mai kyau na gaske. Sai ga sakamakon lab: akwai maganin ƙwari a ciki.

Shugabar sashenmu, wata Baturiya mai kirki amma marar lanƙwasa, ta kira ni ofis. Ta ce an yi cancel, an soke cinikin, ba za a sa wa kayan tambarin organic ba, kuma doka ta tilasta mu sanar da masu ba da takardar shaidar. Na harzuƙa, na ce na rantse mutumin nan bai yi feshi ba. Ta ce ta yarda da ni, amma takardar lab ba ta san shi ba.

Na kira Baba Hamidu. Bayan gaisuwa na faɗa masa, na shiga tambayarsa ɗaya bayan ɗaya: gona, ruwa, wurin shanya. Duk lafiya.

"Baba, da kuka shanya, a me kuka zuba kafin buhunan kamfani su iso?"

"A buhunan wakenmu na bara mana. An kakkaɓe su tas."

Wake ai sai an barbaɗa masa hodar magani kada ƙwaro ya cinye shi. Ni na sani, a gaban idona mahaifiyata take yi a Zariya, kuma a gidanmu ba a yar da buhu sai ya zama tsumma. Shekara uku ina yi wa dattijon nan wa'azin gona, ko sau ɗaya ban tambaye shi buhu ba.

Ya ce, "To ai laifin buhu ne, ba na gona ba. Ki faɗa musu."

"Zan faɗa, Baba. Amma za a dakatar da takardar sai an sake bincike. Kakar bana ta wuce."

"Ni zan iya jira, 'yata. Yaran nan nawa ne ba za su jira ba."

Na rubuta bayani, na bi duk hanyar da ake bi, binciken bai zo da wuri ba. Bayan wata huɗu ya turo mini saƙon murya. Gaisuwa ce kawai, yana tambayar maigida da yara, yana sa mini albarka. Amma a bayansa ana jin injin yankan itace yana ta aiki. Na gane 'ya'yansa sun shiga sare itatuwan inuwar. Can ƙarshe ya ce, "Ki yi haƙuri da ƙarar nan." A banɗakin ofis na yi kukana, kuma har yau abin yana cina.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, masu rubuta ƙa'ida a nan ba su san sitonmu na gida ba, manomi kuma bai san lab ba. Wanda ya san duka biyun shi ke ɗauke da nauyin, kuma a wannan karon ni ce. Shi ya sa kuke jina da kowane sabon manomi, kafin in tambayi girman gonarsa, sai na tambaye shi a wane buhu yake zuba kofi. Kuna ta yi mini dariya. Ku yi dariyarku, amma ku tambaya.