Ɗigo Uku a Jikin Buhu

Babana Datti shekara goma sha tara ya yi yana buɗe wa manoman wajen Kadawa ruwa. Mutum ne siriri, mara magana, ga taurin kai na ƙin ƙarawa. Ƙofar kanal, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, tana da ƙarfe kamar sitiyarin mota, kullum da safe sai ya murɗa shi sau talatin da uku, yana ƙirgawa da carbi. Har tsokanarsa ake yi, wai ruwan Datti da tasbihi yake zuwa.

A ranin 2004, tumatir na tsakiyar fure, ruwa ya daina kai wa gonakin ƙarshen layi. Kwana uku ganye ya fara lanƙwashewa. Manoman can suka ce Baba ne yake rage murɗa don na gaba su sha su ƙoshi. Hambali, shugaban ƙungiyar manoma, ya zo har zaurenmu ya ce, "Malam Datti, in an sauko Juma'a ka kawo makullin ƙofar ruwa." Baba ya ce to. Ko kare kansa bai yi ba, kuma wannan to ɗin ta fi komai ƙona mini rai.

Shekarata goma sha biyar a lokacin, na cika kaina da littattafan bincike, har na fara rubuta nawa a littafin aikin makaranta. Salim, ɗan ajinmu na Islamiyya, shi ne mai karanta mini yana kushewa. Ranar Alhamis na ce masa, "Yau ba rubutu, mu je mu gani da idonmu."

Muka fara da ƙofar. Baba yana shafa wa ƙarfen giris, saboda haka duk inda murɗa ta kai akwai sheƙi. Muka ƙirga zagayen da ke jikin ƙarfen, talatin da uku cif, babu tsatsa ko ɗaya. Ashe ƙofa a buɗe take. Muka bi bakin kanal a ƙasa, rana na dukanmu. A kwalbatin da ke bayan gonar Sammani, mahaifin Salim, ruwa ya taru yana juyawa, ɗaya gefen kuwa ɗan kaɗan yake tsiyaya.

Salim ya tuɓe riga ya shiga. Ya daɗe ƙwarai kafin ya fito yana jan buhun taki cike da yashi. Akwai wasu biyu a ciki. Da ya kifar da shi a kan ciyawa sai na ga ya tsaya cak. A wajenmu kowane manomi yana da shaidar da yake yi wa kwandunansa da buhunansa da fenti don kada su cakuɗe a kasuwa. Wannan buhun ɗigo uku ne shuɗi. Duk garin an san na Sammani ne.

"Ummukulsum," in ji shi, "ki ba ni zuwa gobe."

"Goben ce za a karɓe makullin Baba," na ce. Tausayinsa nake ji, amma ban sassauta ba.

Washegari bayan Juma'a mutane suka cika gindin dalbejiyar ƙofar masallaci. Ina leƙe ta katanga. Baba ya riga ya zaro makulli daga aljihu sai ga Salim da buhun, ya zazzage yashin, ya naɗe shi a hammata. Ya durƙusa ya ce, "Baba Datti, wannan muka ciro a kwalbati, akwai saura biyu." Idonsa jawur. Sammani yana sahun gaba, goshinsa na tsattsafo da gumi.

Baba ya karɓa ya warware kaɗan. Na tabbata ya ga ɗigon. Sai ya zura hannu ya juya buhun ciki waje, ya shimfiɗa a ƙasa, ya zauna a kai.

"Na wane ne?" Hambali ya tambaya, wasu na tashi tsaye.

"Buhu ne," in ji Baba. "Ruwa aka ce in kawo muku. Ku ba ni minti ashirin."

Shi kaɗai ya je ya ciro sauran, ba wanda ya sake ganinsu. Kafin la'asar ruwa ya kai ƙarshen layi, makulli ya koma aljihunsa. Ni kuwa kwana biyu ina fushi da shi. Da na gaji na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yaron nan a garin nan zai girma."

Baba ya rasu a 2009. Sammani ne ya fara sauka cikin kabarin, sai da aka riƙo hannunsa sannan ya iya fitowa. Littafina na gama shi daga baya, yaran ciki sun gano buhu a kwalbati, amma ban sa masa shaida ba.