An Feshe Lambun Mama Saratu Tun Ba a Binne Ta Ba

Ku gaya mini, wane irin mutum ne zai ji an yi mutuwa, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne a kira mai tankin feshi?

Da safiyar nan labarin ya same ni: Mama Saratu ta rasu. Tsohuwar malamar firamare, maƙwabciyarmu a Samaru, mai lambun nan na bayan gida.

Na bar aiki na tari Keke. Tun ban kai ƙofa ba warin fiya-fiya ya tare ni. Gawarta na asibiti, ko ranar jana'iza ba a tsayar ba, amma an riga an feshe rabin lambun. Wai kanofi za a kafa, kada sauro ya dami manyan baƙi.

Manyan baƙi!

Matar da ba ta taɓa barin ɗigon maganin kanti ya sauka a ganyenta ba. Ganyen darbejiya take dakawa da barkono da tafarnuwa, ta jiƙa, ta tace da tsohon ɗankwali, ta yayyafa da tsintsiya. Kuɓewa kuwa toka take barbaɗa mata.

Akwai gidan rina a jikin katangarta. Ranar da ɗaya ta harbe ni na rarumo sanda, sai ta ce, "Ajiye, ɗana. Su suke kwashe mini tsutsar tumatir. Kai me ka taɓa yi mini in ban da cinye tuwona?"

Lokacin da na yi zaman rashin aiki, ba ta taɓa yi mini gori ba. Alayyahu da yakuwa za ta miƙo ta katanga, ta ce a kai wa Inna.

Yau rinar nan suna zube a ƙasa. Kwaɗin da take bari su cinye mata ƙwari sun yi rigingine a bakin kwata.

Na tambayi mai feshin, wanda aka ɗauko daga Sabon Gari. Ya ce, "Oga, ni dai 'yan gida suka turo ni. Gobe zan dawo in ƙarasa."

Na tambayi ɗan wanta, wanda ya zo daga Basawa yana kaɗa makullin mota. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ciyayi ne fa, malam."

Ciyayi. Mutumin da bai san daddoya ba sai a cikin miya. Shi ne ya fara ɗora hotonta yana rubuta "uwa ta gari". Ƙafarta ta daɗe a kumbure, ba mu ga motar ba.

Ganina da ita na ƙarshe, tana zaune a kujera tana juya ganyen tumatir, tana duba ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Mama, wahalar nan ta yi yawa." Ta ce, "Jikokina tsinka suke yi su kai baki, ba wankewa."

Jikokin nan suna hanya. Kuma ba wanda ya ce zai gaya musu kada su tsinka.

Allah ya ba ki hutawa, Mama. Ya ba 'ya'yanki haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka ta a addu'a, ko a coci ko a masallaci.

Rabin da ya rage kuwa, gobe ina tsaye a bakinsa. Wanda ya turo mai feshi ya fito nan, ƙarƙashin rubutun nan, ya faɗi sunansa. Kada a kira ni a waya. A nan, gaban kowa: waye?