Mahayi a Kan Sikelin Dusa

Ranar Litinin, uku ga Satumba, ƙarfe tara da kwata, wani gajeren mutum ya shigo shagon abincin dabbobi da nake wa akawu a garin Colac, ya roƙi aron sikelin dusa. Hunturu ya wuce, amma riguna uku ne a jikinsa, da baƙar ledar shara a ƙarƙashinsu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ƙafafunsa gwame ne, tafin hannunsa duk kanta. Ko ba a faɗa ba, mahayin dokin sukuwa ne, zai kai shekara arba'in da biyar.

Ya tuɓe takalma da riguna da ledar, ya hau.

"Kilo sittin da ɗaya da rabi," na ce.

"Haba, aboki! Mako biyu ba abin da nake ci sai latas. Kullum sai na zaga tafkin garin nan a guje."

"Nawa ake so?"

"Hamsin da bakwai, ran Asabar. In ban kai ba, wani za a ba dokin."

Merv direbanmu ya leƙo, yana taunar tsiran nama. "Tumbin hunturu ne, tsoho! Wa ya aike ka gindin murhu da soyayyen dankali?"

Mutumin ya sauko daga sikelin. Ya zare zoben aurensa, ya ɗora a kan buhu, ya sake hawa. Allurar ba ta motsa ba. Ya dube ni, ni kuwa abin da sikeli ya nuna shi nake faɗa.

Bai kai ba. A watan Nuwamba Merv ya gan shi a filin sukuwa, tsaye a ƙasa, yana riƙe wa wani mahayi linzami.