Barandar da Aka Rufe da Kwano

A shekarun alif ɗari tara da tamanin, ni ne injiniyan da ya kula da ginin wani gida a unguwar Badi'a, can ƙasar Larabawa. Mai gidan, wanda kuma shi ne kafil ɗin ma'aikatanmu, wato mai tsaya musu a wajen hukuma, ya sayo shingen baranda na ƙarfen zubi daga wani tsohon gida da aka rushe a Iskandariyya. Tun ƙarni na sha tara aka zuba shi, da siffar ganyen inabi da furanni masu naɗewa. Ban taɓa ganin aikin ƙarfe irinsa ba.

Mai waldarmu Bakano ne, jikan maƙera. Wata safiya ya ga ɓangare ɗaya ya ɗan karkace, sai ya yi masa abin da kakanninsa ke yi wa fartanya: ya gasa shi, ya ɗora masa guduma. Ƙarfen zubi kuwa ba ya lanƙwasuwa. Ya rabu biyu kamar tulu. Saura wata guda iƙamar mutumin, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar, ta ƙare, sabunta ta kuma sai da sa hannun kafil.

"Injiniya, wannan ƙarfe ba shi da tarbiyya," in ji shi.

Na ce, "Ya girmi kakanka, Malam. Kai ne ka daki babba."

Kwana uku muka yi muna gyara. Muka ɗumama shi sannu a hankali, muka liƙe da tagulla, muka binne shi cikin rairayi har ya huce don kansa. Ya kamu, sai dai tabon ya fito rawaya. Mai waldar ya roƙe ni a shafe da baƙin fenti a yi shiru. Na ƙi, domin malaman da suka koyar da mu ba su yarda injiniya ya ɓoye tsaga ba.

Da mai gidan ya zo bayan la'asar, na nuna masa tabon, na kuma faɗi yadda aka yi. Ya shafa shi da yatsa.

"Ma'alesh, ya muhandis," ya ce da Larabci, wato ba komai, injiniya. "Maƙwabcina ya yi ƙorafi, wai daga nan ana hango tsakar gidansa. Gobe a rufe barandar duka da kwano."

A makon nan ya sa hannu a takardar iƙamar. Maƙerin ne da kansa ya kafa kwanon, ya kuma yi aikin da kyau.