Mariƙin Libarba Mai Yatsu Uku

Daga Chirundu har Kanyemba babu lungun kogin Zambezi da Gwinyai Muchenje bai shiga da kwale-kwale ba. Ya san tsibirin da dorina ke haihuwa, ya san gaɓar da kada ke kwanciya ya yi kamar gungume, yana iya duban launin ruwa ya faɗa maka inda yashi ya koma tun bara. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido su yi kwana huɗu a kan kogi, amma duk tsawon shekarun nan wurinsa ɗaya ne, kwale-kwalen baya, tare da tukwane da tantuna da akwatin ƙanƙara.

Kwale-kwalen gaba na jagora ne, jagora kuwa sai mai lasisi, lasisi kuma sai wanda ya ci jarrabawar harbi. Doguwar bindiga ba ta juyuwa da sauri a cikin kwale-kwale, don haka jagora babbar libarba yake ratayawa a ƙirji saboda kada da dorina, irin mai lamba arba'in da huɗu, wadda in ta tashi sai ka ji ta har haƙoranka. Jarrabawar harsashi shida ce a kan takarda mai faɗin faranti, uku da hannu biyu, uku da hannu ɗaya, tunda a ruwa ɗaya hannun yana kan filafili. Biyar ake so su shiga.

A nan Gwinyai ya maƙale. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, lokacin da yake aikin kamun ƙananan kifin kapenta a tafkin Kariba, igiyar injin ɗaga koma ta kama masa hannun dama ta tafi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Yatsu ukun da suka rage ba su hana shi tuƙi ba, ba su hana shi ɗaure igiya ko murza lomar sadza, tuwon masararsu, ba. Bindiga ce kaɗai ta ƙi shi.

Mariƙin da libarbar kamfani ta zo da shi na katako ne mai zane ƙaya-ƙaya, siriri daga sama, ya buɗe daga ƙasa kamar bakin ƙaho, daidai inda shi ba shi da yatsun da za su kama. Bayansa kuma ƙarfe ne tsirara. In ya danna kunama sai bindigar ta yi shuri, bakinta ya ɗaga sama, ƙarfen bayan ya daki naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, zoben da ke kare kunama ya ƙwale masa gaɓar yatsan tsakiya. Kafin harbi na huɗu jini ya fito, hannun kuma ya riga ya koyi tsoro, yana noƙewa tun kafin ƙarar ta tashi. Shekarar farko ya sa biyu a takarda, ta biyu ya sa uku. Ya gwada da hagu, harsashin ya tafi ya tayar da ƙura can kusa da motar masu jarrabawa, suka ce ya isa haka.

Abin da ya fi ci masa rai, wanda ke gaba yanzu Kudzanai ne, mutumin da shi Gwinyai ya koya wa riƙon filafili. Hannun Kudzanai kamar shebur, ya ci jarrabawa a zama ɗaya.

"Mukoma," in ji Kudzanai, wato yaya, "ka bar wa bindigar nan ranta mana. Ita fa ba ta yi maka komai ba, kai ne kake kai mata hannu tana cizo."

"Ran da ka kai baƙi kan uwar dorina a mashigar Vundu, wa ya yi maka fito ka kauce?"

"Kai ne. Shi ya sa muke son ka a baya, kana ganin komai."

Mai kamfanin, Mista Haldane, ba mugun mutum ba ne, sai dai ba ya jin magana har ƙarshenta. Da Gwinyai ya fara yi masa bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce ya gane, shuri ne matsalar. Ya dawo daga Harare da mariƙin roba baƙi mai gurbin yatsu uku a gaba, ya ɗaura da kansa yana murna.

Robar ta rage dukan ƙarfe, wannan gaskiya ne. Amma gurabun an yi su ne don wani ƙaton hannu cikakke. Yatsan tsakiyar Gwinyai ya hau kan tudu maimakon ya faɗa rami, gurabu biyu na ƙasa suka zauna fanko. Ga robar da kauri a baya, har sai ya karkatar da hannu kafin manuni ya kai kunama. Cikin zafin Oktoba kuma tana manne wa fata, in bindigar ta yi shuri sai ta ja fatar tafin hannu ta tafi da ita.

"Yallaɓai, ba ta zauna ba."

"Gwin, duk duniya wannan ake sa wa. Ka ƙara matsewa kawai."

"Da me zan matse?"

Haldane ya dubi hannun, ya ce to za a duba. Ba a duba ba. Shekara ta uku Gwinyai ya sa uku.

Da damina ta rufe hanyoyi aka sallami ma'aikata hutu, ya tafi Magunje wajen kawunsa, Sekuru Chakanyuka, masassaƙin ganguna da turame da ƙotar fartanya. Doka ba ta bari ya fitar da bindiga daga sansanin kamfani, don haka abin da ya kawo shi ne tsohon mariƙin katakon da kuma zanen gindin bindigar a kan kwalin sabulu. Tsohon ya juya katakon a hannu ya tsuke baki.

"Wanda ya sassaƙa wannan bai taɓa yin noma ba. Miƙo hannun."

Ya cura yumɓu ya sa masa a tafi, ya ce ya matse kamar zai harba. Ya daɗe yana kallon shatin da ya fito.

"Ƙarfinka yana nan tsakiyar tafi, ɗan ƙanwata. Su kuma sun kai naman itacen can ƙasa inda babu kowa a gida."

Ya zaɓi itacen mukwa busasshe. Ya yi wa mariƙin tudu a gefen dama don ya cika tafin hannu, ya cike ramin da ke bayan zoben kunama yadda ƙarfe ba zai sami gaɓar yatsa ba, ya sa itacen ya rufe bayan ƙarfen da faɗi don shurin ya bazu. Zane kuwa ya ƙi yi sam. Ya ce abin da zai yi tsalle a hannunka gara ya ɗan zame, in ya kama fata ita za ta biya. Ya goge shi da samfefa ya shafe da kakin zuma.

Tsakanin Magunje da sansani tafiyar yini guda ce, bas biyu da bayan babbar mota. Gwinyai ya isa ya ɗaura, sai ya tarar ya yi kauri, manuni ba ya kai kunama. Ya koma. Na biyu ya zauna daidai, amma a harbi na uku ya tsage gida biyu, domin jijiyar itacen ta bi ta ramin kusa. Ya sake komawa. Harsashin gwaji kuma goma sha biyu kawai Haldane ke ba shi a wata, kowane kuskure sai ya ci rabinsu.

A karo na uku Sekuru ya ce ya gaji da sassaƙa wa abin da bai taɓa gani ba. Ya hau bas da kansa, da magagarinsa a aljihun kwat, ya zauna ƙarƙashin bishiyar tsamiya a sansani kwana biyu, yana gogewa yana miƙawa ana gwadawa. Da Gwinyai ya harba, tsohon ya toshe kunne ya ce wannan ba bindiga ba ce, jaki ne. Amma shida suka tashi, biyar suka shiga, babu ɗigon jini.

Saura kwana biyar jarrabawa Kudzanai ya fita da baƙi, da bindigar, tunda ita kaɗai kamfani ke da ita. Ya dawo ana gobe za a tafi, ga roba a jikinta.

"Ina katakon?"

"Mukoma, abin nan a hannuna kamar ludayi yake. Na cire na sa a akwatin kayan gyara."

Mariƙin yana can ƙarƙashin guduma da jak, ya kwana huɗu cikin ruwan da ya shiga akwatin. Ya kumbura, kunnensa na sama ya ɓalle. Gwinyai ya tsaya riƙe da shi.

"Wata biyar. Tsoho ya hau bas da ciwon baya. Ba ka iya naɗe shi a riga ba?"

"Wallahi ban san zai lalace ba. Katako ne fa."

"Katako ne. Kai kuma hannunka cikakke ne, ko muciya aka ɗaura mata za ka harba."

Ya je jarrabawa da robar, ya sa huɗu. Mai jarrabawar ya ce kash, saura kaɗan, a dawo baɗi. Wata biyu bai yi wa Kudzanai magana ba sai ta aiki, hagu, dama, dorina a gaba.

Daminar da ta biyo idon Sekuru ya fara yin yana. Gwinyai ne ya riƙe magagari, tsohon yana shafawa da yatsa yana faɗa, nan ka rage, nan ka bari, kai wa ya ce ka taɓa nan. Wannan karon Gwinyai bai bar sabon mariƙin da suka sassaƙa a jikin bindiga ba. Ya ɗinka masa jaka, ya sayi sukurudireba nasa na kansa, sai ranar gwaji yake ɗaurawa. Yana da shekara arba'in da huɗu ya sa biyar a takarda. Ya kira ƙauye a waya aka kai wa tsohon.

"Sekuru, na ci. Biyar."

"Ba shida ka ce ake harbawa ba? Ina ɗayan ya tafi?"

Shekara biyu ya yi a kwale-kwalen gaba. Baƙi suna neman sa da suna, bai taɓa kai kowa inda za a buƙaci zare bindiga ba. Sai Haldane ya sayar da sansanin ya koma wajen 'yarsa a bakin teku. Sababbin masu wurin suka miƙa tsohuwar libarbar ga dillali, suka kawo sababbi guda biyu na wani kamfanin ƙera bindiga, masu gindi zagayayye, gajere. Mariƙin mukwa bai ko shiga ba.

Gwinyai ya sami sabuwar manajar, Misis Dube, a ofis, ya roƙi izinin kwance robar da ta zo da bindigar don ya auna.

"Baba Muchenje, sababbi ne fil. An ce mana in aka taɓa kusa ɗaya, masu sayarwa ba za su karɓi gyara ba."

"Lasisina a watan Agusta ake sabunta shi. Sai na sake harbi."

"Ai kai gwani ne, kowa ya faɗa mini."

Ya ɗora hannunsa a kan teburinta ya buɗe. Ta duba, ta ce za ta rubuta wa masu kamfanin a Harare. Ta rubuta kuwa, ya ga takardar da idonsa. Yau mako bakwai ke nan, duk ranar Litinin yana leƙawa ofis kafin a sauke kwale-kwale a ruwa, ita kuma tana girgiza masa kai tun daga ƙofa.